Duwatsun New Mexico a watan Yuni, kowa idonsa na kan iska

Abokina da ke aiki a Albuquerque, a jihar New Mexico ta Amurka, ya daɗe yana ƙorafin wai na ƙi kai masa ziyara, amma duk sanda muka yi waya sai ya ƙara da cewa in zan zo in bari sai Satumba ko Oktoba. Toh ni kuma hutuna a farkon Yuni ya faɗo, nace masa mutumina ko dai Yuni ko babu, yace taho, sai dai ka sani dutsen nan da kake ta zumuɗin hawa ba ni ke da iko da shi ba, in iska ta ga dama mu shiga in bata ga dama ba sai dai mu hango shi daga kan titi.

Sai ka san yadda shekararsu take juyawa kafin ka gane me ya sa suke tsoron gobarar daji a Yuni haka. Dusar ƙanƙara tana sauka kan duwatsun a lokacin sanyi, ta narke wajen Afrilu zuwa Mayu, daidai lokacin kuma iska mai ƙarfi take tasowa daga yamma ta yi ta busawa kusan kullum, ita kuwa daminarsu bata kankama sai wajen farkon Yuli lokacin da danshi yake haurowa daga ɓangaren Meziko. Kaga kenan tsakanin narkewar ƙanƙara da zubar ruwan farko akwai makonnin da babu abin da ke jiƙa ƙasa, ga rana ta yi tsawo, ga iska na kwashe ɗan abin da ya rage. Cikin wannan tsakanin na faɗo.

Zafin Albuquerque ba irin mai sa ka jiƙe sharkaf bane. Garin ya haura mita 1,500 sama da teku, rana ta ɗaga ta wuce digiri 30 amma rigarka a bushe, gumin yana fita yana ƙafewa kafin ka san ya fito, sai dai kawai ka ji leɓenka ya tsage, maƙogwaro ya bushe, da safe ka fyace hanci ka ga ɗan jini. Ƙishirwar wurin bata sallama, sai ciwon kai ya zo sannan ka tuna rabonka da ruwa. Abokina jarka guda yake ajiyewa a but, kuma ko wanne fita sai ya tabbatar tankin mota ya wuce rabi, yace ɗabi'ar mutanen duwatsu ce ya ɗauka, saboda ranar da aka ce a fice ba ranar neman gidan mai bace.

Safiyar da za mu hau duwatsun Jemez na lura da wani abu, da ya buɗe waya ba zafin rana ya fara dubawa ba, gudun iska ya duba da kuma danshin da ke cikinta. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana da wani gargaɗin haɗarin gobara da take fitarwa mai suna jar tuta, a wannan yankin galibi in danshin iska zai sauka zuwa kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka, iska kuma ta kai mil 20 a awa ko fiye, sai a ɗaga ta. Ranar an ɗaga ta daga tsakar rana zuwa dare. Yace to in za mu taka a ƙafa sai mu yi sammako mu gama kafin azahar, nace ai kai ne gaba.

Muka bi titi mai lamba 550 zuwa San Ysidro, muka karya dama muka hau mai lamba 4, ita ce ke ratsa ƙauyen Jemez Pueblo da jajayen duwatsun nan nasu, ta bi gefen rafi ta wuce Jemez Springs ta yi ta hawa. Kana hawa zafi na raguwa, kusan digiri 6 a duk mita 1,000, gajerun itatuwa masu kama da kurmi suna ƙarewa dogayen itatuwan ponderosa suna karɓa, ka sauke gilas ka ji iska mai daɗi, ko'ina kore shar. Wallahi anan dutsen yake yaudarar baƙo, don in ido za ka bi sai kace babu abin da zai ci wuta a wurin. Amma a gefen hanya ga allon nuna haɗarin gobara nan mai launi biyar daga kore zuwa ja, da hoton beyar ɗin nan Smokey, alamar yaƙi da gobarar daji, sanye da hula riƙe da shebur, kibiyar kuma tana can ɓangaren ja-ja. Shi Smokey mai rai ɗin ma ashe ɗan jihar ne, a 1950 aka tsinci wani ɗan beyar maƙale a bishiya ƙafafunsa sun ƙone a gobarar duwatsun Capitan, aka yi jinyarsa aka kai shi gidan zu na Washington, da ya mutu a 1976 aka dawo da shi Capitan aka binne.

A bakin wata hanyar ƙafa muka tarar da wata ma'aikaciyar gandun daji tana liƙa takarda, muka gaisa, na tambaye ta me aka hana me aka bari. Tace dokar hawa uku ce. A matakin farko wuta sai a murhun ƙarfen da aka gina a sansanonin hukuma, taba kuma sai cikin mota ko gini ko wurin da aka share ƙasa tas. A mataki na biyu, wanda muke ciki ranar, babu hura wutar itace ko gawayi ko'ina, sai risho na gas mai makunni da za ka iya kashewa nan take, har injin yankan itace akwai awannin da aka hana tayar da shi. Na uku shine a rufe dajin gaba ɗaya, babu shiga ko a ƙafa, kuma an yi hakan a wannan daji na Santa Fe a 2018 da 2022. Sannan ta leƙa inda muka faka tace mu ɗan ja motar baya ta sauka kan tsakuwa, saboda salansa mai zafi kan busasshiyar ciyawa ya isa ya tada gobara, haka sarƙar tirela in tana jan ƙasa tana tartsatsi.

Da ka bar titi ka shiga ƙarƙashin itatuwan zancen kore ya ƙare. Abin da kake takawa busasshen ganyen ponderosa ne, siriri mai tsini, ya taru shekara da shekaru ya yi kauri, kana tafiya yana ƙaras ƙaras, ka ɗauki tsinke ka lanƙwasa bai san lanƙwasa ba sai dai ya karye ɓas. Masu aikin wutar daji suna kasa makamashin nan gwargwadon saurin bushewarsa, ciyawa da wannan siririn ganye cikin awa guda suke bin yanayin iska, manyan gungume kuwa sai kusan awa 1,000, wato sama da wata guda. Shi ya sa ɗan yayyafin jiya baya burge su, ya jiƙa saman ne kawai kuma kafin la'asar ya tafi, abin da suke tsoro shine gungumen su bushe har ciki, kuma a Yuni hakan ake kaiwa.

Ita ponderosar kanta bishiya ce da aka halitta ta saba da wuta, wannan ya fi komai tsaya min a rai. Ɓawonta kauri gareshi, ja-ja mai tsagi, in ta girma ƙananan rassanta suna zubewa sai kan ya yi can sama, in ka kai hanci cikin tsagin a rana har wani ƙamshi mai zaƙi yake. Masu bincike sun yanka tsoffin kututture a duwatsun nan sun ƙirga zoben shekarunsu sun ga tabon wuta a jere, duk bayan 'yan shekaru wuta tana wucewa ta ƙasa ta cinye ciyawa da ƙananan tsiro ta bar manyan a tsaye, haka aka yi ta yi ɗaruruwan shekaru, sai wajen ƙarshen shekarun 1800 tabon ya ɗauke ɗif. Jirgin ƙasa ya iso yankin wajen 1880, tumaki da shanu suka cika duwatsun suka cinye ciyawar da wutar ke bi, daga baya gwamnati ta shiga kashe duk wutar da ta tashi, musamman bayan gobarar 1910 da ta cinye kusan eka miliyan 3 a Idaho da Montana, har a 1935 aka kafa ƙa'idar cewa duk gobarar da aka gani a shawo kanta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe. Niyya mai kyau ce, babu mai musu. Amma ƙananan itatuwan da wuta ta saba sharewa sai suka tsira suka cunkushe, yanzu in wuta ta tashi a ƙasa tana samun tsani, daga ciyawa ta kama gajere daga gajere ta kama matsakaici har ta kai kan manyan, in kuwa ta hau sama ta fara tsalle daga kai zuwa kai to kaurin ɓawo ya daina amfani, babu shebur babu jirgi mai saukar ungulu da zai tare ta, sai dai a ja da baya a jira iska ta kwanta.

Sakamakon muka gani da idonmu gaba kaɗan. Lanƙwasa ɗaya titin ya yi sai ga dutse bayan dutse babu inuwa, baƙaƙe da fararen kututture a tsaitsaye wasu sun zube, ƙasan kuma kurmi ne da 'yan itatuwan aspen matasa. Nan ne gobarar Las Conchas ta bi. Ranar 26 ga Yuni 2011 da rana iska ta kada wata bishiyar aspen kan wayar lantarki, shikenan, kafin gari ya waye ta cinye sama da eka 40,000, da ta gama lissafi ya wuce eka 150,000, aka kwashe mutanen garin Los Alamos kaf. Shekaru sun fi goma amma akwai gangaren da ponderosa bata dawo ba, don babu uwar bishiya ko ɗaya kusa da za ta zubar da iri.

Muna tsaye a wurin iskar ta iso, kamar yadda aka yi alkawari. Da safe ko ganye baya motsi, wajen sha ɗaya da rabi ta fara da ɗan kaɗawa, kafin azahar hular kanka sai ka dafe, ƙofar mota sai ka riƙe da hannu biyu, kana jin kututturen nan suna ƙara abin tsoro don irinsu faɗuwa suke babu sanarwa. Dalilin ba boyayye bane, rana tana gasa jikin dutse iskar da ke kansa ta yi zafi ta haura sama, ta haɗu da babbar iskar yamma da ke saukowa in gari ya ɗumama, sai kwazazzabo ya matse su waje guda, zuga-zugin maƙeri sak. Wuta kuma gudun hawa take yi, don harshenta yana kwantawa jikin gangare yana gasa abin da ke gabanta tun kafin ta isa, masu aikin suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 na tsayin gangare gudunta kusan ninkawa yake, mutum kuwa a hawa raguwa yake, balle a tsayin da taku ashirin ke sa ka haki. Ga garwashi da iska ke ɗauka ta jefa gaba, wani lokacin ya tsallake titi da rafi ya tada sabuwar wuta a bayan masu kashewa. Abokina yace malam mu tafi, ban ja zance ba.

Valles Caldera dai daga cikin mota na more ta, wani makeken fili ne na ciyawa kewaye da duwatsu, bakin dutse mai aman wuta ne da ya rufta sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, faɗinsa kusan mil 13. Kyau kam akwai, iska ce ta hana tsayuwa.

Los Alamos, garin da aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko, yana zaune ne kan dogayen tuddai da kwazazzabai suka raba, hanyoyin fita kuma ba yawa. A watan Mayun 2000 wutar da ma'aikata suka kunna da gangan a wurin tarihi na Bandelier da ke kusa don rage makamashi ta kuɓuce, iska ta kora ta cikin gari, iyalai sama da 400 suka rasa muhalli, ita ce gobarar Cerro Grande. In ka zaga unguwannin za ka ga gidaje da yawa an share kewayensu, tsakuwa a jikin bango maimakon furanni, an ɗage rassan itatuwa, itacen hura wuta an jibge shi nesa da gida. Sanarwar gudu ma hawa uku ce, na farko ka shirya, na biyu kayanka su kasance a mota, na uku ka fita yanzu kar ka tsaya neman komai.

A Santa Fe muka kwana, sama da mita 2,000, daren har da neman bargo, busasshiyar iska bata riƙe zafi. Da yamma hadari ya haɗu kan duwatsun Sangre de Cristo, baƙi ƙirin, har na fara cewa alhamdulillah, abokina yace duba da kyau. Ruwan yana zubowa daga gajimaren kana ganin zarensa amma a tsakiyar hanya yake ƙafewa, ko ɗigo baya taɓa ƙasa, abin da ke isowa sai tsawa da wata mahaukaciyar iska mai juyawa ta ko'ina. Irin wannan hadarin na gab da damina shi ne mafi sharri, aradu ta faɗa kan bishiya babu ruwan da zai kashe, wutar ta kwanta cikin kututture kwana da kwanaki tana ci a ɓoye sai ranar da iska ta tashi ta bayyana.

Washegari muka ɗauki babban titi mai lamba 25 zuwa Las Vegas, ba ta Nevada mai gidajen caca ba, wannan ƙaramin tsohon gari ne a gindin duwatsu, daga nan muka bi 518 zuwa Mora. Nan gobara mafi girma a tarihin jihar ta ci, Hermits Peak da Calf Canyon, a 2022, sama da eka 341,000 da gine-gine sama da 900. Wuta biyu ce ta haɗe kuma duka hukumar gandun daji ta Amurka ta amsa cewa daga aikinta suka fito. Ta farko ranar 6 ga Afrilu aka kunna ta da gangan, iska ta sauya da yamma ta watsa garwashi wajen iyaka. Ta biyun ita ce abin mamaki, tarin rassa ne aka ƙona tun Janairu, ƙanƙara ta sauka a kai, kowa ya ɗauka ta mutu, ashe tana nan a ƙarƙashi, sai a Afrilu ta farka. Ba a gama shawo kanta ba sai Agusta, a shekarar majalisar dokokin ƙasar ta ware kusan dala biliyan 4 na diyya, hukumar kuma ta dakatar da irin wannan ƙone-ƙone na kwana 90 a duk ƙasar.

Mutanen kwarin Mora yawancinsu jikokin masu jin Sifaniyanci ne da suka daɗe a wurin, dajin nan shi ne itacen girkinsu da ɗumamar ɗakinsu, shi ne makiyayarsu, shi ne katakon da suke sayarwa, don haka abin da ya ƙone ba wurin yawon shaƙatawa bane. Anan muka yi musu da abokina har muka kusa ɓata. Shi yana kan cewa tunda sau biyu ana kunna wuta da hannu tana cin gari to a daina kawai. Ni kuma abin da na gani a Jemez ya hana ni yarda, dajin da aka hana wuta shekara ɗari ba zai zauna haka ba, ko ka ƙona shi da sanyi a ranar da ka zaɓa ko ya ƙone da kansa a ranar da iska ta zaɓa, kuma mafi yawan wutar da ake kunnawa da gangan lafiya lau take ƙarewa babu mai jin labarinta. Inda na ba shi gaskiya shine lokacin, kunna ashana a Afrilun shekarar fari, watan da ko yaro a jihar ya san iska ke mulki, wannan ganganci ne, kuma wanda gidan kakansa ya zama toka ba za ka zo masa da lissafin kashi cikin ɗari ba. Yace toh ai ka dawo maganata, nace ban dawo ba, muka bar ta a haka.

Wani dattijo da muka tarar yana gyaran shinge a gefen hanya na tambaye shi ko suna ɗokin ruwan Yuli, yayi dariyar da ba ta daɗi ba, ya nuna min buhunan yashi da ke jere a bakin wani gida da katangar duwatsu cikin ragar waya a bakin kwazazzabo. Ƙasar da wuta mai tsanani ta gasa bata shan ruwa, santsi take yi, babu saiwa babu ganyen da zai riƙe, ruwan rabin awa a saman dutse sai ya sauko da toka da laka da gungume ya cika magudanan noman da suka gada tun kaka da kakanni. Bayan gobarar 2022 tokar ta gangara kogin Gallinas wanda Las Vegas ke sha, sai da garin ya koma ƙirga kwanakin ruwan da ya rage masa a ma'aji. Haka aka yi a Ruidoso can kudu a 2024, wuta ta tashi ranar 17 ga Yuni ta ci gine-gine kusan 1,400, ko gama kashe ta ba a yi ba ambaliya ta biyo. Nace baba toh wanne kuke roƙo, ruwan ko rashinsa, yace ruwan mana, amma a hankali, kuma ya fara sauka da dare.

A hanyar dawowa wayoyinmu suka yi ƙara tare, an sake ɗaga jar tuta na gobe, iskar ma ta fi ta jiya. Shirinmu na hawa dutsen Sandia a taragon nan mai tafiya kan waya sai muka ɗage shi, don shima in iska ta yi yawa tsayar da shi suke yi.